Ragon Malam Tanko a Talabijin

Wani dare bayan isha'i, cikin keke mai ƙafa uku a hanyar Kambarawa, Nu'uman ya ji wata ƙara, ba ta mutum ba, ba ta dabba ba. Daga wayar budurwar da ke gefensa take fitowa, ita kuwa tana danne dariya da bakin hijabi.

Aikin Nu'uman ke nan, tattara abin da ake yayi a intanet don shirin Duniyar Waya na wata tashar tauraron ɗan'adam. Ya roƙa ta nuna masa. Wani tsoho ne rago ya koro a tsakar gida, ya faɗa bahon wanki yana wannan kuka. Ta ce sunanta Ramla, tsohon babanta ne, Malam Tanko mai yadi, ita ta ɗauka ta tagar ɗakinta. Ta tura masa bisa alkawarin ba mai gani. Soyayya ta kama su wata biyar, har manya suka shiga magana.

Sai Sagir, abokin aikinsa da Ramla ta taɓa ƙi, ya tsinci bidiyon a kwamfutar Nu'uman ta ofis ya sa a shiri. Kafin Juma'a yara na kwaikwayon kukan a Babbar Kasuwa. Malam Tanko ya rufe rumfa, ya rantse wanda ya ɗauka ba shi ba shi.

Ramla ta rubuto: "Hasken raina, na shiga uku. Baba ya daina cin abinci. Gobe zan ce masa ni ce."

Ya amsa: "Kada ki faɗa, Ramlatuna. Ni saurayi ne, ana sake wani. Ke ɗiya ce."

Da safe ya durƙusa a zauren Malam Tanko ya ce shi ya ɗauka ta kan katanga. Tsohon ya nuna masa ƙofa. Mako uku Nu'uman na bin masu shafuka yana roƙon su goge, suna ƙara yaɗawa. Ya rame, wuya kamar na zalɓe.

Ƙarshe ya roƙi yayan Ramla aron ragon. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya tsokane shi a Ƙofar Sauri gaban kyamara. Ragon ya tunkuye shi cikin kwata, haƙori ɗaya ya fita. Daren da aka nuna, Katsina ta manta da Malam Tanko.

Tsohon ya kalla sau uku, ya nemi tuwo.

"Yaron nan mahaukaci ne," in ji shi, "amma ya san zafin kunya. Ku ce ya turo."

Aka ɗaura aure, ango na murmushi da giɓi. Malam Tanko ya dafa kan ɗiyarsa, ya ce Allah Shi ba su zaman lafiya, Shi rufa musu asiri. Ana cikin amin sai maƙwabciyarsu Jummai ta ɗago daga wayarta.

"Ni kam Malam, wanda ya ɗauka ta kan katanga, ya aka yi labulen Ramla ya fito a ciki?"