Doguwar Sifana ta Shagon Malam Inuwa

Har yau idan Zayyad ya bi layin masu kayan gyaran mota a Makarfi, sai ya rage tafiya a gaban tsohon shagon Malam Inuwa. A nan ya fara ganin Mukarrama, shekara tara ke nan, tana tsare wa mahaifinta shago.

Da kunya ya shiga ranar. Wata motar rake da ya gyara ce aksul ɗinta na baya ya watse a hanyar Ikara, don da ƙiyasi ya ɗaure notocin.

"Sifana mai awo nake nema," ya ce.

Ta ajiye guda biyu a gabansa. "Aikin aksul ne?"

"Shi ne."

"To ɗauki doguwar, ƙaramar ba za ta kai ba. Ka saita lambar da littafin motar ya ce. Da ta yi ƙas, ka tsaya."

Ya fita ya manta hularsa a kan kanta. Da ya dawo ɗauka, har da lambar wayarta ya tafi.

Ya rubuta mata: "Mukarramata, yau sau goma ta yi ƙas, kowanne muryarki nake ji."

Ta amsa: "Injiniyana, ka kula da aikinka, kar ka sake zubar wa mutane rake."

Ashe motar raken ta ƙanen Malam Inuwa ce. Da maganar aure ta taso, tsohon ya ce mai aiki da ka ba zai riƙe masa 'ya ba. Ya hana ta zuwa shago, ya fara sauraron wani ma'aikaci daga Kudan mai neman aurenta. Wata biyu Zayyad bai gan ta ba, har ya rame.

Sai aksul ɗin akori-kurar Malam Inuwa ya fara kuka, shi kuwa idonsa ya daina ganin ƙananan lambobi.

"Baba, ka gwada shi a gabanka," Mukarrama ta ce a hankali. "In ya kasa, na haƙura."

Yini guda Zayyad ya yi a ƙarƙashin motar, yana ɗaure kowane noti da doguwar sifanar, tsohon na zaune a benci yana kallo. Da aka gama, Malam Inuwa ya tuƙa motar har Gazara ya dawo babu kukan aksul, ya kashe inji, ya daɗe a ciki.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a," ya ce.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Inuwa ya dafa kawunansu, ya ce: "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Jama'a suka amsa da amin.