Ranar da Madarar Lami Ta Yi Wari

A wani ƙauye kusa da Galma akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifiyarta ta rasu a daminar da ta wuce. Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Jar saniya guda ta bari, wadda ta zo da ita daga gidan iyayenta a Babankatami. Sunan saniyar Lami, domin ran Alhamis aka haife ta.

Madarar Lami kuwa, sai wanda ya sha. Kaka Altine ce mai tatsa, bayan ɗan maraƙin Lami ya sha. Idan madarar ta kwana, kindirmon yakan yi kauri, har maƙwabta su riƙa aiko da ƙwarya. Faruƙ, ƙanen yarinyar, tun da aka yaye shi bai damu da tuwo ba. Amma da ya ga ƙwaryar madara, sai ya miƙa hannu biyu.

Da bazara ta shigo, daji ya bushe ƙayau. Harawar da Baba Tanimu ya tara a kan rumfa ta kusa ƙarewa. Wata safiya ya kira 'yarsa.

"Ɗiyata, ba ni iya ciyad da saniyag ga har ruwa shi sauka. Kasuwar Madawa za ni kai ta."

Yarinyar ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi.

"Baba, don Allah kak ka saida ta. Saniyar Inna ta hwa! Ni za ni nemo mata abinci."

"Ina za ki samo shi?"

"Hwadama. In tsinto mata ɗiyan gawo kullum. Kaka ta haɗa mata da dusa."

Baba ya ce, "To, na ji. Amma ki riƙe maganata. Ranad da nig ga ta rame, ko nononta ya lalace, sai kasuwa."

Yin alkawarin bai ba ta wuya ba. Cika shi ne ya zo da wahala.

Itatuwan gawo suna can ƙarshen fadama, da nisa. 'Ya'yansu na faɗowa ƙasa, dabbobi kuma suna son su ƙwarai. Sai dai ba ita kaɗai ta san da haka ba. Kafin ta isa, awaki sun riga ta. Matan gari ma sun riga ta. Takan bi gindi gindi tana tsinta ɗaya ɗaya, ƙaya na sokar ƙafarta, rana na dukan kanta. Wani lokaci ko rabin buhu ba ta samu.

A hanyar dawowa takan wuce ƙawarta Nasiba tana wasan igiya a ƙofar gida. Nasiba tana da uwa. Ba ta ɗaukar buhu.

Haushi ya fara cin yarinyar. Ta ji haushin awaki, ta ji haushin Nasiba, ta ji haushin Baba da ke wuni a gonar albasar mutane yana aikin ƙodago. Har Lami ma ta ji haushinta. Takan zube mata abincin ta ce, "Ke dai ci kinka sani!" Lami ta kaɗa kunne ta ci gaba da tauna.

Lokacin cirar albasa ne. Wata yamma yarinyar ta biyo ta gefen gonaki, buhunta kusan wayam. Sai ta ga tsibin albasar da aka zubar: wadda rana ta ƙona, wadda fartanya ta sara, da wadda ta soma ruɓewa. Ga ganye nan jibge. Babu mai so, babu mai hanawa.

Ta tsaya ta duba hagu da dama. Ta ce a ranta, ai wannan ma abinci ne. Nan da nan ta cika buhu, ta zuba 'yan 'ya'yan gawon a sama.

Idon Kaka ya yi rauni. Da ta laluba bakin buhun ta ji gawo, sai ta ce, "Allah shi yi miki albarka, jikata. Yau kin yi ƙoƙari."

Yarinyar ta kai buhun bayan gida ta juye. Lami ta hau ci kamar an daɗe ana hana ta, ba ta bar ko ɓawo ba.

"Ashe haka abin yake da sauƙi!" in ji yarinyar. Ta ga duk garin babu mai wayonta.

Daga ranar ba ta ƙara zuwa gindin gawo ba, sai dai ta tsinci kaɗan na rufe bakin buhu. Ta samu lokacin wasan igiya. Ba wanda ya lura, domin a lokacin cirar albasa kowa warinta yake yi, har rigar liman.

Faruƙ ne ya fara ganewa. Kaka ta ba shi madara da safe, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Aka lallashe shi, ya ture ƙwaryar ya fashe da kuka.

Ba a jima ba Hindatu maƙwabciya ta shigo da ƙwaryarta a hannu.

"Inna Altine, ki yi haƙuri. Nonon ga wari shikai. Mai gida ya ƙi shan hura da shi."

Kaka ta karɓa ta shinshina. Ta ɗanɗana. Tsohuwar da aka san ta da tsabta a duk unguwa, yau an maido mata da nono har gida.

"Laihina na," ta ce a hankali. "Gabun da nis shanya cikin ɗaki, shi ya kama ƙorai."

Gabu ganyen albasa ne da ake dakawa a busar don miya. Kaka ta kwashe nata duka ta fitar waje. Ta wanke ƙorai da ruwan zafi, ta kife su a rana. Washegari madarar ta fi jiya wari. Ta sake wankewa har hannunta ya yi ja.

"Na tsuhwa," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Uwakku ta bar min amana, ga shi ko nono na kasa gyarawa."

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, tana ji. Ta so ta faɗi gaskiya, amma ta kasa. Tsoron Baba ya fi ƙarfinta. Abin takaici, da yamma ta sake komawa tsibin albasa. Ta ce wai za ta rage yawanta, kamar hakan zai gyara wani abu.

Sai Lami ta fara canjawa. Ta daina tashi da sauri. In ta yi 'yar tafiya, sai haki. Madara ta ragu, ɗan abin da aka tatsa ma zubarwa ake yi. Fitsarinta ya koma duhu kamar ruwan shayi.

Baba ya buɗe bakinta ya duba. Dasashin ya yi fari fat.

"Shi ke nan," ya ce. "Gobe da sahe in ja ta zuwa Madawa, tun ba ta mutu hannunmu ba. Mahauta sa saye."

Ya ɗauko sabuwar igiya ya rataye a jikin rumfa.

A makaranta ranar, yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya daga darasi ba. Da aka tashi, kowa ya fita, ita ta kifa kai a tebur. Malamarsu, Madam Fa'iza, ta zo ta zauna kusa da ita.

"Mi as same ki? Tun sahe nika kallonki."

"Madam, gobe za a saida saniyar Innata."

"Don mi?"

"Ba ta da lahiya. Nononta wari shikai."

"Mi kuka ba ta tana ci?"

Nan yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, daga ƙayar gawo har zuwa tsibin albasa.

Madam Fa'iza ba ta yi mata tsawa ba. Ta ce, "Saurara, ɗiyata. Abin da saniya tac ci, shi ka komawa jininta, shi ka komawa nononta. In ta ci mai kyau, ku sha mai kyau. In ta ci ruɓaɓɓe, shi za ku gani cikin ƙwarya. Albasa kuwa in ta yi yawa, cuta ta ga bisashe."

"Madam, mutuwa za ta yi?"

"Ban sani ba. Akwai likitan dabbobi Galma, zan kira shi yanzu. Amma ba shi iya komi in bai san abin da tac ci ba. Kuma ba ni za ni hwaɗa ma babanki ba. Ke za ki hwaɗa."

Hanyar gida ba ta taɓa yi mata tsawo kamar ranar ba. Ta tarar da Baba a bayan gida, yana shafa wuyan Lami. Kaka na zaune a kan tabarma, Faruƙ na kwance a cinyarta.

"Baba, ni ta," ta ce. "Ba gawo nika ba ta ba. Albasa ta, wadda anka zubar."

Baba ya juyo. Bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba. Da ma dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kina gani kakakki na kuka, kinka yi shiru?"

Ta sunkuyar da kai. Ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Kaka, ki gahwarta min. Ba ƙoranki ba na. Ba tsuhwanki ba na."

Kaka ta ce, "Gabuna dai ya tahi banza, awaki sun cinye." Sannan ta jawo ta jikinta.

Kafin la'asar likitan ya iso a kan babur. Ya duba idon Lami da bakinta, ya ji bayani, ya kaɗa kai.

"Albasa ta ɓata mata jini. Malam Tanimu, da ka ja ta zuwa Madawa cikin ranag ga, da hanya za ta hwaɗi. Ku bar ta inuwa, kak ku wahalshe ta. Ku ba ta harawa da dusa da ruwa mai tsabta. Ko ɓawon albasa kat ta ƙara gani. In Allah ya so, za ta tashi."

Ya yi mata allura ya tafi. Baba ya tsaya yana kallon igiyar da ke rataye. Sai ya sauke ta ya kai ɗaki.

"Ni ma da nawa laihi," ya ce. "Na aza miki kayan da sunka hi ƙarhinki, ban ko leƙa buhun ba. Daga gobe tare za mu tahi gawo."

Sauƙin bai zo da wuri ba. Kwanaki masu yawa babu madara a gidan. Faruƙ yakan nuna ƙwarya ya yi kuka, kukan kuma yana sukar yayarsa har zuci. Ita ke share wurin kwanan Lami. Ita ke wanke kwanon ruwanta. Da sassafe ita da Baba su nufi fadama, shi yana kaɗa rassan gawo da doguwar sanda, ita tana tsinta. Wani lokaci Nasiba ma takan bi su da ɗan kwandonta.

Sannu a hankali dasashin Lami ya dawo ja. Ta soma tashi da kanta, ta soma kiran ɗan maraƙinta da ƙarfi.

Wata safiya Kaka ta tatsa, ta tafasa, ta bari ta huce. Ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta miƙa wa Faruƙ. Kowa ya zuba masa ido. Ya kurɓa kaɗan, ya tsaya. Sai ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ƙwaryar ta koma wayam. Ya ɗago da farin gashin baki, ya ce, "Ƙara!"

Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun damina. Kaka ta ce a kai wa Hindatu ƙwarya guda, kuma jikarta ce za ta kai da hannunta.

Lami ba ta je kasuwa ba. Tana nan a bayan gida, inda Inna ta saba ɗaure ta.

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe abu biyu. Abin da ka ba saniya ta ci, shi za ta maido maka a cikin madara, don haka a ba ta abinci mai kyau da ruwa mai tsabta. Idan kuma aiki ya fi ƙarfinka, ko ka yi kuskure, ka faɗa wa manya da wuri, kada ka bari wani ya ɗauki laifinka.