Murfin Kyamarar Misis Thiessen

A faɗin lardin Manitoba kaf, daga bakin iyakar Amurka har inda hanya ta ƙare aka bar wa ƙanƙara gari, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunci Lorne Demchuk ba. An sayar masa da kyamara babu murfi. Murfi fa, wannan ɗan baƙin faifan roba da ake toshe idon kyamara da shi. Duk wanda ya zauna kusa da shi a shagon kofi sai ya ji wannan ƙara, har an fara canza tebur in an hango shi.

Lorne mai sayar da kujeru da katifu ne a wani kanti a birnin Winnipeg, ya ba hamsin baya, amma bai yarda ba. Abu biyu yake taƙama da su: gashin bakinsa, wanda yake tajewa da ɗan mataji na musamman, da wani ɗan rami da ke lotsawa a kumatunsa na hagu in ya yi murmushi. Yakan ce wannan ramin ya sayar da katifu fiye da duk tallan da kantin ya taɓa bugawa. Bayan fuskarsa, abin da ya fi so shi ne tsofaffin kyamarori, waɗanda yake farauta a shafin saye da sayarwa na intanet.

Yana da dabararsa kuwa. In ya ga kayan da ya yi masa, ba ya fara magana da sunansa. Sai ya tura wa mai kayan masu saye na ƙarya, waɗanda shi ya ƙirƙiro su, ya buɗe wa kowa asusu. Akwai Rick, mai cewa "gani nan tafe da yamma" sannan kullum motarsa ta mutu a hanya. Akwai Darlene, mai taya kaya da wulaƙanci, mai fama da tarin da ba ya warkewa. Sai Fasto Neil, mai lallashi, wanda zai bayyana maka cikin tausayi cewa irin wannan kaya yanzu ba mai so, ya rufe da "Allah ya yi albarka". In sun gama gajiyar da mutum, sai Lorne ya bayyana da murmushinsa kamar mai ceto, ya ɗauke kayan a araha. Ya ba su suna da hali da ciwo. Hoto ne kawai bai taɓa sa musu ba, don ƙyuya. Ya bar su da wannan inuwar mai ruwan toka da shafin ke sa wa wanda bai ɗora hoto ba: ƙwallon kai a kan kafaɗu, shi ke nan.

Wannan karon wata tsohuwa ce, Misis Thiessen, a wata gona kudu da garin Steinbach, take sayar da kyamarar mijinta marigayi, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaukar hotunan biki. Lorne ya sakar mata mutanensa suka yi ta jan ta har ta rubuta masa da kanta: "Ka zo ka ɗauka yadda ka taya. Na gaji."

Ran da zai je, ya wuni a tsaye a kanti, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Matarsa Gail ta kira shi yana tayar da mota.

"Kyakkyawa, ina kuma za a kai gashin bakin nan da yammar nan?"

"Taimakon wata gwauruwa zan je."

"Allah ya tsare ta da taimakonka. Ka taho da madara."

Kaka ce, an gama girbi. Manoma na ƙona karan alkama, hayaƙin ya kwanta a kan hanya, ƙaurinsa na shigowa ta ramin iskar mota. Ya bar kwalta ya hau tsakuwa. Babu gida, babu bishiya, sai fili da rana da ta yi ja tana nutsewa. Rediyo ya yi ta shaƙewa har ya kashe shi. Ya yi hamma. Ya duba gashin bakinsa a madubi, ya ga yana nan lafiya.

A bakin gonar ya tarar da wata tsohuwar a-kori-kura, an ɗage murfin injinta, tururi na tashi a hankali. Ba kowa a kusa da ita. Lorne ya ɗan tsaya yana kallo. Sai ya ce a ransa, motoci dai suna mutuwa, ba Rick ne ya fara ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Tsohuwar ta buɗe. 'Yar ƙarama ce, idanunta sun yi fari da yana, hannunta duk garin fulawa.

"Kai ne Lorne? Shigo, ɗana. Sauran sun riga ka."

"Waɗanne sauran, Mama?"

"Masu sayen mana. Tun ran da suka rubuto suke zuwa, kullum da faɗuwar rana. Su zauna. Ba sa saye, ba sa tafiya, ba sa taɓa abin da na gasa." Ta sauke numfashi. "Na tsufa da karɓar baƙi. Ka ɗauke abin nan ko na huta."

Daga cikin falo wani ya yi tari. Busasshen tari na mace, mai ɗan fito a ƙarshensa. Lorne ya san tarin nan. Shi ya rubuta shi.

Falon ba wuta, ƙwan ya mutu, in ji ta, ba ta da mai hawa ya canza. Warin toka mai laima ya cika ɗakin, ya danne ƙamshin burodi. Mutum uku na zaune a doguwar kujera, sun ba taga baya, ragowar hasken yamma ya mai da su inuwa. Ƙato mai rigar aiki. Mace da gyale a wuya. Siriri mai baƙar kwat, hannayensa a haɗe bisa gwiwa.

Kyamarar na kan tebur, kusa da farantin ƙananan burodi.

Mutum mai hankali da ya juya. Amma Lorne ya ga kyamarar, baƙa, mai nauyi, ko ƙwarzane babu, kuma hannunsa ya yi abin da ya saba. Duk mai sayen tsohuwar kyamara ya san ƙa'ida. Ka fara rataya igiyar a wuya don kada ta suɓuce. Ka haska gilashin da tocila ka ga ko fumfuna ta ci shi. Sannan ka ɗauki hoton duk wanda ke gabanka, ka gwada.

Ya rataya. Ya haska, gilashi garau. Ya ɗaga ta ya kai idonsa ramin leƙe.

A cikin kyamarar ɗakin ya yi haske tas.

Ba su da fuska.

Kai uku, masu ruwan toka, sumul kamar ƙwai, a kan kafaɗu. Ba ido, ba hanci, ba baki. Duk da haka ya san kallonsa suke yi.

Aljanu ba sa raina masauki. In sun sami kango su shiga, in sun sami suna da ba mai shi su saka shi kamar riga. Lorne bai taɓa jin wannan ba, amma a lokacin jikinsa ya gane.

Ya so ya sauke kyamarar. Ta manne a idonsa. Igiyar ta ɗan matse wuyansa.

"Motata ta mutu," in ji ƙaton, a hankali. "Amma na iso."

Macen ta yi tari. "Ka ba mu suna," ta raɗa. "Ka ba ni ciwo. Fuska ce ta gagare ka?"

"Ku... ku yi haƙuri, wasa ne."

"Ɗauki, ɗana," in ji sirin, da muryar lallashi. "Gwaji ne kawai."

Yatsansa ya danna da kansa.

Ƙyas.

Haske ya wanke ɗakin. Leɓensa na sama ya yi sanyi, ya mutu kamar an yi masa allurar cire haƙori. A cikin ramin leƙen, Rick ya ɗaga hannu yana shafa gashin baki. Tajajje, mai ɗan furfura a gefe.

"Kai, ya yi mini kyau," in ji Rick.

Daga kicin tsohuwar ta ɗago murya. "Tana aiki ko? Mijina bai taɓa barin ta a buɗe ba. Ya ce ido ne, ba a barin ido a buɗe in ba a san abin da ke gabansa ba."

Ƙyas.

Kumatunsa na hagu ya saki. A toka-tokar fuskar Darlene wani ɗan rami ya lotsa. Ba baki, amma murmushi take.

Saura Fasto. Ya matso bakin kujera, ya sunkuyo, ya kawo santsin fuskarsa daidai gilashin.

"Ni idanu nake so."

Lorne ya shiga laluben tebur da hannun hagu. "Murfin! Mama, ina murfin?"

"Yana nan kusa da ita, ɗana."

Fasto ya buɗe tafinsa. Ɗan baƙin faifan na ciki. Ya juya shi tsakanin yatsu, a hankali.

Yatsan Lorne ya fara sauka.

Hannunsa ya faɗa cikin faranti. Abu mai laushi, mai ɗumi. Ya damƙo burodi ya cusa a idon kyamarar da duk ƙarfinsa.

Duhu.

Ƙyas.

Ba abin da ya mutu a fuskarsa. Kyamarar ta sake shi.

Bai san yadda ya sami ƙofa ba. Ya ji kujera ta yi ƙara, mutum uku sun miƙe lokaci guda. Ya faɗa mota, kyamarar na dukan ƙirjinsa, burodin na maƙale a idonta. Tsakuwa ta watsu.

A bayansa, a-kori-kurar da ba ta taɓa tashi ba ta tashi.

Fitilu biyu a cikin hayaƙi. Suna matsowa.

A kujerar baya, wani ya yi tari.

Bai waiga ba. Ya zaro waya da hannu ɗaya. Shi ya buɗe asusun nan, shi zai rufe su. Ya kai wayar fuskarsa don ta buɗe, kamar kullum.

Ta ƙi. Ba ta san shi ba.

Ya sake. Ta ƙi.

Numfashi mai warin toka ya taɓa ƙeyarsa.

Ya danna lambobin sirrin, ya yi kuskure, ya sake. Ta buɗe. Ya nemo Rick. Goge asusu. Ka tabbata? Ya tabbata.

Fitilun suka mutu, kamar an hure kyandir.

Darlene. Goge. Tarin ya yanke a tsakiya.

Fasto Neil.

Shafin ya nemi kalmar sirri. Lorne ya gwada sunan karensu. Ya gwada sunan Gail. Ya gwada "albarka". Ya manta. Har ya hau kwalta, har fitilun gari suka bayyana, bai tuna ba.

Ya shiga gida ba madara. Gail ta dube shi ta ajiye cokali.

"Wa ya aske ka? Kuma me ya sami kumatunka?"

Gashin bakin bai sake tsirowa ba, ya gwada mai iri-iri. In ya yi murmushi yanzu kumatun tsaye yake kamar bango, katifu kuma sun daina tafiya yadda suka saba. Ya aika wa Misis Thiessen cikakken kuɗin da ta nema tun farko. Ta kira ta yi godiya, ta ce baƙin sun daina zuwa, ta samu tana barci. Kyamarar na cikin akwati a gareji, da busasshen burodi a idonta, ba mai taɓa shi. Ya sayo murafai na kanti, kowanne ya faɗo da kansa.

Shi ya sa yake ƙarar murfi a shagon kofi, don ita ce ƙarar da za a iya saurara. Gail kaɗai ya gaya wa sauran, wata yamma suna wanke kwanuka.

"Tsohuwar ba ta cuce ni ba," ya ce, ya gaji da riƙe maganar. "Ni na aika mata su. Ni na yi su da hannuna."

"Na sani, kyakkyawa. Miƙo tawul."

Rana na faɗuwa a bayan gidajen maƙwabta. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, kamar yadda take yi kullum a wannan lokaci. Ba sai ya duba ba, amma ya duba. Inuwa mai ruwan toka, ƙwallon kai a kan kafaɗu.

"Murfinka yana wurina, ɗana. In ba ka da lokacin zuwa, ni zan kawo maka. Allah ya yi albarka."