Ranar da Jagoda Ta Yi wa Masunta Fatan Sa'a

Kwana da kwanaki Jagoda ba ta da sukuni, tun da 'yarta Dunja ta bugo waya ta ce ta samu miji, wani masunci mai suna Roko, a ɗan garin bakin tekun da take aikin otal. Ita Jagoda 'yar tudu ce, cikin gonakin masara ta tashi, ruwan da ya wuce gwiwa ma tsoronsa take. Haka ta hau bas ta zo ganin dangin yaron.

Dunja ta zaga da ita gari: hasumiyar coci, kasuwar kifi, rumfunan shan kofi da suka jeru a gaɓa. Uwar dai idonta na kan ƙananan jiragen da ruwa ke jijjigawa.

"Mama, ki saki ranki mana! Roko ya fi kifi iya ruwa."

"Kifin ma ai kama shi ake yi, 'yar nan."

Washegari da safe suka fito rakiyar masu fita kamun kifi. Roko da babansa Stipe na kwance igiyar jirginsu, Luce, mahaifiyar Roko, na tsaye da ƙunshin burodi. Jagoda ta ga ya kamata ta faɗi alheri, sai ta ɗaga murya:

"Allah ya ba da sa'a!"

Kowa a gaɓar ya juyo yana kallonta. Stipe ya jefar da igiyar, ya tofar da yawu, ya hauro tudu.

"Wayyo Mama!" Dunja ta dafe kai. "Ba a yi wa masunci fatan sa'a, jawo tsiya ne!"

"Da wannan bakin za a haɗa mu zuri'a?" in ji Luce. "Roko, fito! Yau babu fita."

Roko ya dubi Jagoda da ta tsaya kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ya san in ya fito, har abada garin nan zai riƙa kiranta mai baƙin baki, 'yarta ma haka.

"Amin, Mama Jagoda," ya ce, ya tayar da inji, ya tafi shi kaɗai.

Kafin azahar iska mai ƙarfi ta sauko daga kan duwatsu. Teku ya yi fari fat da kumfa, jirage suka yi ta dawowa, ban da na Roko. Wayarsa ba ta shiga.

Luce ta zo har gaban Jagoda, idonta jawur. "In ɗana bai dawo ba, ke ce. In ma ya dawo, ki kwashi 'yarki ku koma gonarku!"

Dunja ta fashe da kuka za ta mayar da magana, uwar ta damƙe hannunta. "Yi shiru. Uwa ce, ɗanta na kan ruwa."

Mata suka shige rumfar kofi suna leƙenta ta taga. Jagoda ta ƙi matsawa daga bakin gaɓa. Ruwan gishiri na dukan fuskarta, ba ci ba sha, bakinta sai addu'a a ɓoye, don yanzu tsoron buɗe shi take.

Can da la'asar wani ya yi ihu: "Ga shi can!"

Jirgin ya shigo a karkace. Roko ya laɓe ne a bayan wani tsibiri har iska ta lafa. Ya jiƙe sharkaf, ko kifin sardin ɗaya bai kamo ba, amma yana dariya.

Luce ta rungume shi, ta ɗaka masa duka a kafaɗa. Sannan ta juyo ta daɗe tana kallon Jagoda, wadda leɓɓanta suka bushe don sanyi. Ta cire mayafinta na ulu ta yafa mata.

"Aikin matar masunci jira ne. Kin tsaya wa ɗan da ba ke kika haifa ba, na zage ki kin haɗiye. In 'yarki ta gado wannan, na karɓe ta." Ta share ido. "Amma don Allah, gobe in za su fita, ki rufe bakin nan!"

"Ko gaisuwa ba zan yi ba," in ji Jagoda.

Da ta rama zagin nan, da soyayyar yaran ta mutu a gaɓar. Haƙurin wuni guda ne ya haɗa gidajen biyu.