Mai Zaman Zane a Jekadafari

Digirin zane da Ernest ya ɗauko daga Zariya bai kai shi ko'ina ba sai rubuta allunan 'yan kwangila a Jekadafari. Aikin mutunci ɗaya ya samu, zanen bangon littafin tatsuniya, shi ma an dawo masa da shi, wai aljanin da ya zana Bature ne da ya kwafo daga mujalla. In bai gyara ba, wani za a ba. Duk Gombe kuwa ba mai yarda a ari fuskarsa a yi aljani.

Bayan isha'i wani dattijo ya yi sallama a shagon, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗana, na ji kana neman wanda zai zauna maka."

Ya zauna gaban fitila. Ernest ya dama fenti da mai, ya miƙe hannu yana auna shi da buroshi. Da ya sake aunawa, sai ya ga wuyan ya ƙaru. Ya goge, ya kuma aunawa, ya ƙaru.

"Haba Baba, daina motsi mana."

"Ban motsa ba," in ji muryar, daga can wajen rufin kwano. "Ɗago kai ka duba."