Halas Biyu a Bakin Baba

"Wato kai ma so kake ya mutu!"

Mastura ta faɗa da ƙarfi, har mai sayar da turaren da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo. Zaharaddeen ya ajiye yadin da yake aunawa, ya dubi cunkoson kasuwar Bab Makka ta Jidda, sannan ya dube ta.

"Masturata, don Allah rage murya. Kasuwa ce fa."

"Ba zan rage ba! An kusa ɗaura mana aure, sai ka je ka zauna da mahaifina kuna shirya yadda zai tafi ya bar ni?"

"Shi ya kira ni, habibti. Kin san ko idonsa ba na iya kallo. Cewa ya yi in tuɓe kunyar surukuta in ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmina."

Mahaifin nata, Baba Muntaka, tela ne a unguwar Hindawiyya tun kafin a haifi Mastura. Huhunsa ya gaji, likitoci kuma ba su ɓoye masa cewa ba zai warke ba. Bara da numfashinsa ya ɗauke, sai da aka zura masa bututu a maƙogwaro, aka haɗa shi da inji, aka ɗaure hannuwansa a jikin gado don kada ya fizge. Da ya dawo gida ya so ya yi maganar da 'ya'yansa biyu. Babban, Abdulghani, ya ce, "Astagfirullah Baba, ƙin magani ai kashe kai ne." Mastura kuwa kuka ta sa masa har ya yi shiru. Shi ya sa tsohon ya nemi bare.

"Me ya ce maka?" Mastura ta tambaya.

"Ya ce ke ce bakinsa a wurin likitoci. In ranar ta sake zuwa, kada a mayar masa da bututun nan. A ba shi abin da zai sauƙaƙa masa, a zauna kusa da shi ana tuna masa kalmar shahada. Shi ke nan wasiyyarsa."

"Kai kuma ka ce to?"

"Na ce zan isar."

"Ka isar. Sai ka nemi wadda ba ta son ubanta ka aura!"

Ta ja abayarta ta shige cikin mutane, yana kira ba ta waiwayo ba.

Akwai wani abu game da harshen Baba Muntaka da duk gidan suka sani. Tsawon zamansa a Jidda bai taɓa iya furta "kh" ɗin Larabawa ba. Saboda haka "khalas" tasu, mai nufin ya isa haka, da "halas" ta Hausa, mai nufin abu ya halatta, duk ɗaya suke fita daga bakinsa. Suna yara sun sha yi masa dariya. Amma ba su taɓa ruɗewa ba, don idan ta Larabci yake nufi sai ya karkaɗe tafin hannunsa ɗaya a kan ɗaya, kamar mai kakkaɓe guntayen zare bayan ya tashi daga keke.

Ranar ta zo da hantsi, ful da tamis ɗin karin kumallo ma ba a kwashe ba. Kafin motar asibiti ta kai su, leɓɓansa sun canja launi.

Likitar ɗakin gaggawa ta sunkuya kansa ta yi masa bayani da Larabci: iskar da suke ba shi ba ta isa, sai an sa bututu. Ya yarda? Idan ciwo ya matsa wa Baba, Larabcin kasuwarsa guduwa yake yi ya bar shi da Hausa, don haka Mastura ta maimaita masa a kunne.

Ya buɗe ido. Da ƙyar ya ɗaga hannuwansa, ya goga tafi ɗaya a kan ɗaya.

"Halas..."

Likitar ta dubi 'ya'yansa. "Me yake nufi? A bari, ko a yi?"

"Hausa yake yi!" Abdulghani ya yi caraf. "A harshenmu halas na nufin ya halatta. Ya yarda, Daktora, yalla!"

Likitar ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Mastura, wadda ta saba gani tana rako tsohon.

"Haka ne, ya binti?"

Mastura ta ga hannuwan. Wallahi ta gan su. Ta kawar da kai ta kafa wa ƙasa ido.

"Haka ne. Ya ce a yi."

Aka tura gadon. Abu na ƙarshe da ta gani kafin ƙofar ta rufe shi ne idon mahaifinta a kanta.

Da Zaharaddeen ya iso, ya tsaya a bayan gilashi yana kallon injin na ɗaga ƙirjin tsohon yana saukewa. Bai tambaye ta komai ba. Ya miƙo mata ruwa ya ce, "Sha, tun safe ba ki sa komai a bakinki ba." Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya, kowace da irin yabonta. "Allah ya yi miki albarka, Mastura, kin ceci ubanki." "Ɗiyar ƙwarai ke nan, ba ta sakin iyayenta." Haka ake faɗa a ko'ina, kuma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi iyayen ko suna son irin wannan riƙon. Kowane yabo ji take kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta daina kallon madubi. Ko sallah ta idar sai ta kasa ɗaga hannu, don ba ta san da wane baki za ta roƙa ba.

Wata la'asar ta tare Zaharaddeen a barandar asibitin.

"Ka fasa auren nan."

"Saboda me?"

"Ka sani! Ka daina yi kamar ba ka sani ba! Bai yarda ba, Zaharaddeen... ya karkaɗe hannu a gabana, na ce wa likita ya ce a yi. Mutum yana neman numfashi na sace masa magana daga baki. Wa zai auri irin wannan?"

"Ni."

"Kada ka tausaya min, ba na so!"

"Ba tausayi ba ne, ya galbi. Da uwata ce a gadon nan, ban san me bakina zai faɗa ba. Amma ba ni kika yi wa laifi ba, ba ni kuma zan yafe ba. Mai haƙƙin yana ciki."

Allah da ikonsa, Baba Muntaka ya sake tsallakewa. Aka cire bututun, aka kwance hannuwan. Sai dai tun da ya farfaɗo ya juya fuskarsa bango. Abdulghani ya gaishe shi ya amsa. Zaharaddeen ya gaishe shi ya amsa. Idan Mastura ta shigo sai ya lumshe ido.

Rannan ta kasa jurewa. Ta durƙusa a gefen gadon, idonta a kan shatin ɗaurin da ya yi baƙi a wuyan hannunsa.

"Baba... ƙarya na yi wa likita."

Ya yi magana, muryar a dishe kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Na ji ki ai. Huhuna ne ya mutu, kunnena lafiyarsa ƙalau."

Ta kifa kai a kan katifa ta fashe da kuka.

"Tun kuna ƙanana kuke min dariya ban iya kh ba," ya ce. "Ashe ajiye abin kika yi, sai ranar da zai yi miki amfani."

"Ka yafe min, Baba. Tsoro na ji. Umma ta tafi, in kai ma..."

"Kin zaci fushi ne ya sa nake kallon bango?" Ya juyo a hankali. Idanunsa sun cika. "Kunya ce, Mastura. Ni da na yi rayuwata ina ɗinka wa mutane sutura, aka yaye tawa kina tsaye. Ana juya ni, ana goge ni kamar jariri, ina jin muryarki a bayan labule. Da wane ido zan kalle ki?"

Abdulghani da ke tsaye bakin ƙofa ya yi gyaran murya. "Amma Baba, addini..."

"Kai, rufe min baki. Na tambayi malamai tun gemunka bai gama fitowa ba. Ban ce a kashe ni ba. Maganin da zai warkar da ni, kawo in sha har da kwalbar. Wannan kuwa ba ya warkarwa, riƙe ni kawai yake yi a bakin ƙofa, ban shiga ba ban fita ba. Ku kira min likitar yanzu, tun ina da bakin magana."

Likitar ta zo. Baba ya yi bayani da Hausa, jimla bayan jimla, Mastura na juyawa zuwa Larabci. Ta fara da nata laifin, kanta a ƙasa. Ba ta rage kalma ba, ba ta sassauta ko ɗaya ba, duk da kowace sai ta ƙona mata harshe kafin ta fita. Likitar ta yi masa tambayoyi ta tabbatar yana cikin hankalinsa, ta ce za su zauna da sauran likitoci su duba, a sa a fayil ɗinsa. Abdulghani ya fita yana share ido da gefen shimagin da ya yafa a kansa, bai sake musu ba.

"Ina surukin nawa mai kunya?" in ji Baba.

Zaharaddeen ya shigo ya tsuguna nesa da gadon.

"Matso, ba cizo nake ba. An ce wai yarinyar nan ta ce ka fasa?"

"Ta ce, Baba. Ban ji ba ne."

"Madalla da kurma." Ya yi tari, ya huta. "A ɗaura Juma'ar nan, ina da rai. Na ba ka ita, ta zama halas ɗinka." Ya dubi Mastura ta gefen ido, ya danne hannuwansa biyu a kan bargo. "Duba da kyau, malama tafinta. Ban karkaɗe ba. Wannan na Hausa ne."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci ɗaya.

An ɗaura auren a masallacin unguwa, Baba na kan keken marasa lafiya, sanye da rigar da ya ɗinka wa kansa da hannunsa. Ya ga azumi, ya ga sallah ƙarama.

Bayan sallar ne, wata azahar, numfashin ya sake ƙwacewa. Likitan da suka tarar a ɗakin gaggawa sabo ne, bai san su ba. Yana duba fayil yana kallon fuskokinsu, ma'aikaciyar jinya na tsaye da bututu a hannu.

"An rubuta a nan ba ya so. Har yanzu a kan haka yake?"

Baba ba ya iya magana. Yatsunsa ne kawai suka motsa, tafi ɗaya na neman ɗaya. Mastura ta kama hannuwan biyu ta haɗa masa su, ta goga ɗaya a kan ɗaya. Zaharaddeen ya dafa kafaɗarta, Abdulghani ya sunkuya kunnen mahaifinsu ya fara kalmar shahada.

Ta ɗago ta kalli likitan ido cikin ido, hawaye na zuba. Ta fito da kalmar tun daga maƙogwaro, yadda babu mai iya juya ta.

"Khalas."