Ranar da Likita Ya Zauna

Da hannu naɗe cikin tsumma Auta ta shiga asibitin, jini na ɗiga a kan takalminta. Zarton Baba ne ya yanke ta a shagonsu na kafinta, inda take taya shi ɗinka rigunan kujeru. Ta ce masa kemis za ta je, don da ya ji kalmar asibiti, da shi da kansa zai ɗaure ciwon, a bar wa Allah sauran.

Rabonta da wannan baranda tun ranar da aka turo Mama a kan gado mai taya, an rufe ta har fuska. Warin maganin goge ƙasa bai canza ba. Bencin nan mai gajeriyar ƙafa ma yana nan, yana rangaji da duk wanda ya zauna. Sai ta ji kamar in ta waiwaya za ta ga gadon yana tahowa.

Likitan da ya karɓe ta matashi ne dogo, idanunsa duk gajiya. Yana ɗinki ya lura ba ta kallon ciwon, ba ta kallonsa, ƙofa kawai take kallo. Ya tambaye ta ko allura take tsoro.

"Likitoci ne ba na so," ta ce.

Ya yi murmushi, bai ɗago ba. "Ni ma akwai ranakun da ba na son su."

A nan ta kalle shi. To, kallon nan ne ya jawo komai.

Ya karɓi lambarta wai don ya riƙa jin lafiyar hannu. Hannu ya warke sumul, an cire zare, amma saƙo bai daina shigowa ba. Kai, maza!

"Sanyin idona, yau na ɗinke mutane da yawa, ba wanda ya harare ni kamar ke. Aikin duk ya yi lami."

"Mai Allura, ka ci abinci kuwa? Ko sai dai ka yi wa wasu faɗan su ci?"

Tana murmushi tana rubutawa, amma ta san wanda ke jiran su a gida.

Duk wanda ya taɓa kawo gyaran kujera shagon ya san ra'ayin Baba a kan likitoci. Ba ya cewa su suka kashe matarsa, ya san kwana ne ya ƙare. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yadda aka gaya masa. Likitan da ya duba ta ya fito, hannu ɗaya a kan ƙofa, ya ce sai haƙuri, ya dubi agogonsa, ya wuce.

"Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa mutane abin zama," in ji Baba, "an rasa wanda zai zauna ya gaya mini matata ta rasu."

A falonsu akwai kujerar da ya ƙera wa Mama, mai gajerun ƙafafu saboda ciwon gwiwarta. Tun da ta rasu ba wanda ya zauna a kai. Kowace safiya yakan goge ta, wani lokaci Auta ta jiyo shi yana ba ta labarin shago ƙasa-ƙasa. In rana ta yi zafi katakon yakan yi ƙara shi kaɗai, sai kowa a gidan ya yi shiru.

Goggo, yayar Baba, ita ta shiga maganar. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta tuna masa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, har ya yarda yaron ya zo gaisuwa.

Likita ya zo cikin ladabi, ya durƙusa. Baba ya miƙa masa hannu. Sai ga yatsun Likita sun zame daga tafin hannun zuwa wuyan hannun tsohon, idonsa ya sauka a kan agogo. Ɗan lokaci ne ƙalilan, amma Auta ta ga fuskar Baba ta koma irin ta ranar nan.

Baba ya zare hannunsa a hankali. "Auta, raka baƙonki. Yana sauri."

Daga ranar ya rufe maganar. Ya fara yabon ɗan mai sayar musu da katako, wani ɗan gayu mai yawan turare, wanda in ya zo hira sai ya wuni a kujera kamar an kafa shi da ƙusa. Baba ya ce ga mutum mai zama.

Saƙon Likita ya shigo. "Sanyin idona, wallahi ba lokaci nake dubawa ba. Da na riƙe hannun Baba na ji bugun jininsa yana tsallake. Hannuna ne ya riga ni. Ki kawo shi a duba zuciyarsa, ko ba wurina ba."

Ranta ya ɓaci. "Ko gaisuwa ma sai ka mai da mutum majinyaci? Ashe gaskiyar Baba ce, ba mutane kuke gani ba, ciwo kuke gani."

Ta daina ɗaga wayarsa. Amma ido ba ya manta abin da ya karanta. Ta fara ganin Baba yana tsayawa a tsakiyar yankan katako, ya dafa ƙirji, ya ce ƙurar katako ce. Tsoro ya kama ta. Ta rasa uwa, ga uba yana zamewa a gabanta, ga wanda ya faɗi gaskiya ta kore shi.

Wata rana da yamma Baba ya sulale ya zauna cikin garin katako, zufa na keto masa. Ɗan mai katako yana wurin, ya ce gajiya ce kawai, bari ya je ya samo ruwan sanyi. Ruwan da bai iso ba ke nan. Auta ta ambaci asibiti, Baba ya girgiza kai.

"Da ƙafarta na kai mahaifiyarki can. Ku bar ni a nan."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Mai Allura, ka zo shago. Baba ne."

Da Likita ya iso, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya kwance agogonsa, ya ajiye a kan teburin aiki kusa da guduma. Sannan ya zauna dirshan a ƙasa, da wandonsa mai tsabta, kafaɗa da kafaɗa da tsohon. Ya riƙe hannunsa, ya gaya masa gaskiya ba ƙari: zuciyar ce, akwai magani, amma ba a shago ba, kuma shi ba zai yi alkawarin abin da ke hannun Allah ba.

"Ban san likitan da ya gaya maka rasuwar Mama ba, Baba, amma na san irin tsayuwar nan. Wani gado yana jiranmu, kuma muna tsoron in mun zauna ba za mu iya tashi ba. Wannan ba uzuri ba ne. Ya kamata ya zauna."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Kai ba ka sauri?"

"Ina sauri ƙwarai, saboda kai. Amma sai ka tashi zan tashi."

Tare suka tashi. Da suka zo barandar nan Baba ya rufe ido, Auta na riƙe da hannu ɗaya, Likita na riƙe da ɗayan, har suka wuce.

Allah ya yi da sauran kwana. Bayan an sallame shi, Baba ya koma asibitin da guduma ya gyara ƙafar bencin, yana mita wai ilimi ya yi musu yawa har ba su ga abin da ke gabansu. Har yau in an taɓo zancen likitoci yakan ce ba su da kirki, sai ya ƙara da cewa ban da guda ɗaya.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika, ba masaka tsinke. Ango ya shigo falo gaida surukinsa, ya duba ko'ina babu wurin zama, ya nufi ƙasa. Baba ya riƙo hannunsa. Ya jawo kujerar Mama, ya goge ta da hannun rigarsa.

"Zauna, ɗana."

Goggo ta rufe baki da mayafi. Likita ya zauna a hankali, katakon ya yi ƙarar nan tasa da kowa ya sani, Auta kuwa da ke leƙe ta bayan labule ta fashe da kuka.

Baba ya dafa bayan kujerar, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi kowace safiya. "Kin ga wanda na ba 'yarki." Sannan ya ɗaga murya. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare, ku daɗe kuna zaune kusa da juna."

Duk falon ya amsa da amin.